Keken Haɗi: A Auna Kafin a Biya

Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota ya zama abin da ɗalibi ke fara lissafawa kafin ya tuna da na karin kumallo. A Kano kuwa tun shekarar 2013 aka hana achaɓa, don haka mai zuwa makaranta ko dai ya hau A Daidaita Sahu, ko ya tafi a ƙasa, ko ya nemi keke. Ni keke na nema. Yau kusan shekara guda ke nan ina zuwa jami'a a kan keken da ban saya a dunƙule ba. Firam daban na saye shi, birki daban, kaca daban, kuma yawancinsu ta intanet.

Na san da yawa daga cikinku, ƙannena, kun taɓa ganin hoton firam mai sheƙi a waya, da farashin da ke sa mutum ya fara ƙirga abin da ke cikin asusunsa. Shi ya sa nake son mu yi magana kafin wani ya tura kuɗin da ya shafe zango biyu yana tarawa. Abin da na koya a taƙaice shi ne, kayan keke da awo suke haɗuwa, kuma araha ta gaskiya ita ce kayan da mai gyaran unguwarku zai iya taɓawa.

Kafin in sayi ko noti ɗaya, sai da na yi kwanaki ina zama a rumfar wani dattijo mai gyaran keke a bakin layinmu. Ban biya shi komai ba, ban da riƙe masa taya da miƙa sifana. A nan na ga irin kayan da yake da su a akwatinsa da irin waɗanda yake cewa a je a nemo. Shawarar da ya ba ni ita ce kada in sayo abin da in ya lalace sai na jira jirgi. Da wannan ma'auni na zaɓi komai.

Mu fara da firam, tunda shi ne ƙashin bayan keke. Iri uku za ku fi gani: na ƙarfe, na alminiyom, da na kabon. Na ƙarfe yana da nauyi, amma idan ya tsage duk mai walda zai iya ɗinke shi. Na alminiyom ya fi sauƙin ɗauka, sai dai waldarsa tana buƙatar inji da gwani na musamman. Na kabon shi ne mai ɗaukar ido, ba shi da nauyi sam, amma yana iya tsagewa ta ciki ba a gani ba, kuma notinansa ba a ɗaure su da ƙarfin tuwo, sai da sifana mai auna ƙarfin ɗauri. Ɗalibi mai bin hanya mai ramuka, mai jingine kekensa cikin kekuna ɗari a bakin aji, ba shi da haɗi da kabon mai araha wanda ba a san masana'antar da ta yi shi ba.

Firam kaya ne mai girma, don haka kuɗin kawo shi daga China kan kusa kamo kuɗin sayensa. Ni na gida na nema. Na duba tallace-tallacen kayan hannu a Jiji da Facebook, na sami wani mai firam ɗin ƙarfe a cikin gari. Ban tura masa ko sisi ba sai da na gani, domin ba a cinikin biri a sama. Mun haɗu da rana a bakin titi, ni da yayana. Na duba duk mahaɗar walda ko akwai tsaga ko fentin da ya kumbura. Sannan na ɗaura zare daga ƙafar baya ta dama, na zagayo da shi ta wuyan firam, na dawo ƙafar baya ta hagu. Idan ratar da ke tsakanin zaren da bututun sirdi ɗaya ce a ɓangarorin biyu, firam ɗin a miƙe yake. Idan ta bambanta sosai, ya taɓa cin karo, a bar wa mai shi abinsa. Girma ma abin dubawa ne: in an sa tayoyi kun tsaya a kan keken ƙafa biyu a ƙasa, ya kamata a sami rata kamar yatsa biyu ko uku tsakaninku da sandar sama.

Da firam ya zo gida, aikin farko shi ne awo. Ma'aunin baniya da kuke riƙewa a ɗakin gwaji na Fiziks a nan yake nuna amfaninsa. Sandar sirdi tana zuwa da kauri iri-iri, kamar milimita 27.2 ko 30.9 ko 31.6, kuma akwai tsofaffi masu 26.8. Bambancin 26.8 da 27.2 bai kai rabin milimita ba, rula ba za ta nuna muku shi sosai ba, amma ɗaya za ta riƙa zamewa ƙasa, ɗayar kuma ta ƙi shiga. Sai ratar ƙafafun baya inda wili ke zama, wadda a yawancin kekuna masu giya milimita 130 ce ko 135. Sai gidan boris na tsakiya, inda hannun feda ke juyawa: faɗinsa milimita 68 ne ko 73, kuma mai tiredi, wato wanda ake murɗawa, shi ya fi sauƙin samu da sauƙin gyara. Na rubuta waɗannan lambobi a bayan littafina, duk tallar da ba ta faɗi awonta ba na wuce ta.

Taya ita ce ta fi rikita mutane. Sunan da ake kiranta da shi a inci ba ya faɗin gaskiyar girmanta. Ku duba gefen taya, za ku ga lambobi biyu da ɗan layi a tsakani, kamar 50-559. Ta farko faɗin tayar ce, ta biyu kuma faɗin da'irar wili a milimita, ita ce abar dogaro. Taya mai inci 26 ta kekunan hawan dutse 559 ce. Mai 27.5 kuwa 584 ce. Wadda ake kira 29 da wadda ake kira 700C duk 622 ne. Amma taya 28 ta tsofaffin kekuna irin Raleigh da Phoenix na kakanninmu 635 ce, wato ta fi 29 girma duk da sunanta ya fi ƙanƙanta. Wani ɗan ajinmu ya yi odar taya biyu don ya ga an rubuta 28, suna nan rataye a ɗakinsa har yau. Ni 559 na zaɓa, saboda tayarta da tiyub ɗinta ba sa wahalar samu a wurin masu kayan keke.

Haka batun giya. Masu talla suna alfahari da giya 11 ko 12 a baya. Kano kuwa shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce, giya bakwai ta ishe ni har da saura. Yawan giya yana sa kaca ta sirance, ta yi tsada, kuma dole abin canja giya na hannu ya dace da yawan haƙoran baya. Akwai kuma iri biyu na haƙoran bayan: firiwil da ake murɗawa a jikin wili, da kaset da ake zurawa a kulle da zobe. A hoto kamar ɗaya suke, amma wannan ba ya zama a gurbin wancan. Shimano, kamfanin Japan da aka kafa a 1921, yana da kaya masu sauƙin kuɗi irin Tourney da Altus waɗanda suka wadatar da ɗalibi. Sai dai sunan da ya yi fice shi ake yi wa jabu. Idan farashi ya faɗi ƙasa da na kowa nesa ba kusa ba, akwai dalili.

Ƙananan kaya irin su wayar birki, riƙon hannu, fitila da makullan alanki, su na yi oda daga waje. A nan farashin da ke fuskar waya somin taɓi ne. Sai an haɗa da kuɗin kawowa, da canjin dala na ranar, da cajin banki, wani lokaci da kuɗin kwastan, sannan a jira makonni. Ban kula da yawan taurarin da aka bai wa mai sayarwa kawai ba, na riƙa karanta ƙorafin waɗanda suka saya, musamman masu sa hoton abin da ya iso hannunsu. Duk ƙunshin da ya zo kuma, da bidiyo nake buɗe shi tun daga ledar waje. Wannan ya cece ni ranar da wani mai sayarwa ya aiko mini kaset alhali firiwil na biya, kamar yadda takardar odar ta nuna. Na tura bidiyon, aka mayar mini da kuɗina bayan doguwar jira. Firiwil ɗin kuwa a kasuwa na same shi a yini ɗaya, na juya shi a hannuna na ji ƙararsa kafin in biya.

Ranar haɗawa a rumfar dattijon nan muka yi ta. Kowane tiredi sai da ya sha giris kafin a murɗa shi, haka sandar sirdi, don kada tsatsa ta kama ta. Feda tana da dama da hagu, an rubuta R da L a jikinsu. Ta hagu a juye ake ɗaure ta, saɓanin yadda hannun agogo ke tafiya, kuma wanda ya matsa mata ta ɗaya hanyar zai cinye tiredin hannun feda. Haka murfin gidan boris na ɓangaren kaca, shi ma a juye yake ɗauruwa. Ƙa'idar ita ce a fara murɗa komai da yatsu, in ya ƙi tafiya a tsaya a duba. A jikin sandar sirdi akwai layin da ke nuna iyakar da za a iya ɗago ta, ba a wuce shi. Tsayin sirdi kuma yana daidai idan kun ɗora diddige a kan feda tana can ƙasa, ƙafar ta miƙe.

Akwai wuraren da ban nemi ragi ba: birki, fok ɗin da ke riƙe tayar gaba, kan keke, da tayoyi. Idan ƙararrawa ta lalace kun yi asarar kuɗi kaɗan. Idan fok ya karye ko birki ya ƙi ci a gaban tirela, maganar ta wuce ta kuɗi. Na zaɓi birki mai waya a kan mai amfani da mai, domin waya ko ta tsinke a hanya akwai mai canja ta. Na sa hular kwano da fitilar gaba da ta baya cikin lissafi tun farko. Kafin in hau titi, sai da mai gyaran ya bi kowane noti da hannunsa, ya hau ya zagaya layi ya gwada birki. Duk wanda ya haɗa keke a gida, ko da ya ga ya iya, ya kai wa gwani ya duba. Lokacin hunturu kuma ƙura ke cin kaca, don haka nakan goge ta da tsumma, in ɗiga mai kaɗan, in sake gogewa.

Da na haɗa lissafi, rangwamen da na samu a kan sayen keken hannu a dunƙule ba shi da yawa. Wanda ke son abin hawa gobe da safe ya sayi na dunƙule, ya kai a duba masa. Ribata ita ce na san kowane ƙarfe da ke jikin kekena, idan ya yi wata ƙara na san inda zan duba, kuma babu abin da zai lalace a jikinsa da zai hana ni zuwa lakca fiye da yini ɗaya.

Ku da kuke sakandare, kada ku tura kuɗi ko ku je haɗuwa da mai sayarwa ba da sanin iyaye ko wani babba ba. Kafin nan ma, ku leƙa zaure ko bayan ɗaki. A gidaje da yawa akwai tsohon keke a jingine, wanda taya da kaca da wayar birki kawai yake jira. Ku goge ƙurar gefen tayarsa, ku karanta lambar da ke wurin, ku rubuta ta a takarda, ku tafi da ita rumfar mai gyara.