Sunayen Duwatsu da Rafukan Ƙasar Rano

A hutun da ya wuce na kai yara ganin kakarsu a Kibiya. Mun bi ta Bunkure muka faɗa Rano, duwatsu suka fara tare mana ido. Ƙaramar 'yata ta ce, "Umma, wancan dutsen ya sunansa?" Wallahi shiru na yi. Ni da nake koyar da 'ya'yan mutane, na kasa ba tawa amsa.

Da muka isa na faɗa wa surukata. Dariya ta yi, ta ce ai mu 'yan birni komai dutse ne a wajenmu. A wajenta kuwa shimfiɗaɗɗen da ake shanya hatsi a kai fa ne, mai tsayi tsauni, mai rami a ciki kogo. Haka ruwa: ƙorama daban, rafi daban, kududdufi daban, gulbi daban. Ta ce wanda ya san ƙorama ba zai bar yaro ya tsallaka ta ba in hadari ya haɗo, ko da ya gan ta a bushe, domin ruwan duwatsu ba ya sallama. Nan jikina ya yi sanyi, don da safen nan yarana suka yi wasa a cikin yashin wata.

Rano dai tana cikin Hausa Bakwai, ana yi mata kirari da Autan Bawo. Sarkin da labarin Bayajidda ya ce ya fara mulkinta sunansa Zamna Kogo. Uwargida, ki sake karanta sunan. Ko ba ki taɓa zuwa ba, ya gaya miki irin ƙasar: ta duwatsu ce masu koguna, inda mutum zai fake. Wanda ya je Rurum, kusa da madatsar ruwa ta Tiga da aka kammala a 1974, zai ga haka da idonsa.

Sauran sunayen ma magana suke yi. Madaci sunan bishiya ne, Yalwa fatan alheri ne, Rurum kuma tana da Tsohon Gari da Sabon Gari, alamar an taɓa yin ƙaura. Wanda ya fi burge ni shi ne Ruwan Bago a ƙasar Kibiya. A Hausar maharba, bago shi ne mutum ya laɓe yana jiran dabba, sau da yawa a bakin ruwa. Ki haɗa shi da sunan Kibiya kanta, sai ki ga kamar daji ne a gabanki, ba gonaki ba.

Ba mu kaɗai ba ne. Dabilin, babban birnin Ayalan, asalin sunanta a harshen mutanen ƙasar baƙin kududdufi ne, kamar yadda muke da Goron Dutse a Kano.

Na san wasu iyaye na ƙin faɗar sunayen duwatsu saboda tsafin da aka yi a kansu a da. A ganina sanin sunan wuri ba bauta masa ba ne.

Kafin mu taho na ba babbar 'yata littafi da biro, na zaunar da ita gaban kakarta. Har aka kira la'asar ba su gama gabashin gari ba.