Tumatir Da Zaɓen Iri

Ku 'yan makaranta, ku da ake ba ku gatari da fartanya kowace yamma ku shiga lambun makaranta, muna so mu yi muku magana a kan wani abu da muka daɗe muna lura da shi. Da hunturu kwandunan tumatir kan cika kasuwa har a rasa mai saye, a yanka wasu a shanya su zama kauɗa. Amma da damina ta kankama sai a neme shi a rasa, uwar gida ta miƙa kuɗi masu yawa a ba ta 'yan ƙwayoyi huɗu. Mutane kan ce ƙasa ce ta ƙi shi. Mu kuwa muna ganin galibi irin da aka shuka ne bai dace da lokacin ba.

Asalin tumatir daga Amurka ta Kudu yake, daga ƙasashen duwatsun Andis, sa'an nan mutanen Meziko suka mai da shi abin nomawa, Sifaniyawa suka kai shi Turai bayan shekara ta 1500. Saboda haka yana son rana mai ɗumi da dare mai sanyi. Kadan zafin rana ya wuce digiri 32, dare kuma bai sauka ƙasa da 21 ba, garin da ke cikin furen sai ya lalace, fure ya bushe ya kakkaɓe. Za ku ga tsiro kore shar, ganye lif-lif, amma ba ɗa ko ɗaya. In kuma iska ta cika laima, garin nan sai ya danƙare, ya kasa zuba inda zai yi amfani.

Har wa yau, danshi shi ne gidan cuta. Akwai wata ƙwayar cuta a cikin ƙasa wadda ke shiga ta saiwa ta toshe hanyar ruwa, sai tsiro ya yi yaushi farat ɗaya alhali ganyensa na kore. Ga yadda ake gane ta: a yanke karan, a tsoma bakin cikin kofin gilashi mai ruwa garau, kadan ita ce, za a ga wani farin abu kamar zaren nono yana sauka. Akwai kuma farin ƙuda mai kawo cutar nannaɗewar ganye.

To, irin da manoman rani suka saba da shi, kamar Roma VF da UC82B, a Amurka aka fitar da su, suna kuwa yin kyau ƙwarai a Kadawa ta ƙasar Kano lokacin sanyi. Haruffan nan V da F suna nufin jure wa cututtuka biyu na yaushi, amma ban da wadda muka faɗa ɗazu. Wanda ya shuka su da damina don ya ga sun yi masa rana da hunturu, ya sa rigar sanyi ke nan da bazara.

Masana ba su zauna ba. A shekara ta 1971 aka kafa wata cibiyar binciken kayan lambu a Taiwan, wadda ta yi ta aikin samar da iri masu jure zafi da cutar yaushi. Yanzu a kantunan iri ana samun waɗanda aka yi musamman don damina, kamar Padma F1 da Mongal F1. Sai dai ku sani, duk irin da aka rubuta wa F1 haɗe-haɗe ne. In an ɗebi ƙwayarsa aka sake shukawa, 'ya'yan ba za su yi kamar iyayensu ba. Kada kuma ku rena ɗan ƙaramin tumatir na gargajiya mai tsami, gama ƙanana sun fi manya jure zafi.

Shawararmu ita ce, kada kyan hoton da ke bayan takardar iri ya ruɗe ku. Ku karanta rubutun, ku tambayi malamin gona. Sa'an nan ku gwada da kanku: ku yi kunya uku masu tudu, kowace da irinta, ku kafa musu sanduna don kada 'ya'ya su taɓa ƙasa, ku rubuta ranar fure da yawan abin da kuka tsinka. Gani ya kori ji. Yaron da ya koma gida da littafin nan ya nuna wa mahaifinsa irin da ke haihuwa cikin watan Agusta, lalle karatunsa ya kai har tukunyar miya.