Hoton Da Ban Ɗauka Ba A Kwanar Ɗangora

Cikin hunturun da ya wuce muka tafi biki Zariya ni da Yayata, na kuwa ci alwashin sai na cika wayata da hotunan hanya. Tun a tashar Unguwa Uku na roƙi kwandasta ya ba ni gefen taga.

Muna wuce Kura sai ido ya huta. Rani ne, amma ko'ina kore shar, alkama ce da albasa da tumatir, albarkacin ruwan madatsar Tiga da aka kammala a 1974. A Kwanar Gafan kuwa kwandunan tumatir ne jere jawur, ana ta lodi a manyan motoci za a yi kudu. Su kansu motocin abin kallo ne, wata an zana mata zaki, wata ɗawisu, wata an rubuta "Haƙuri maganin zaman duniya". Ni dai sai ɗauka nake, har da garken shanun da ya tsayar da mu.

Da muka tsaya a Kwanar Ɗangora sai 'yan talla suka yanyame motar, masu rake, masu ƙwai, masu fura da nono. Cikinsu akwai wata 'yar kyakkyawa mai gyaɗa, ba za ta wuce shekara 12 ba. Na sayi ƙulli biyu, na ɗaga waya zan ɗauke ta. Wuf ta rufe fuska da mayafi.

"Don Allah Yaya kar ki sa ni a waya. 'Yan ajinmu za su gani su yi ta yi min dariya."

Wallahi jikina ya yi sanyi. Ban ko tambaye ta ba, na mai da ita tamkar kwandon tumatir. Kafin in ba ta haƙuri direba ya ja mota. Sai ga ta a guje, faranti a ka, tirela na danno hon a bayanta, ta miƙo min canjina ta taga tana haki.

Na dawo gida da hotuna fal, amma fuskarta ce kawai ke min gizo. 'Yar uwa, in hanya ta burge ki, ɗauki gona, ɗauki mota. In mutum ne, ki fara sallama ki nemi izini, in ya ce a'a ki mai da wayarki jaka.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba. Allah Ya kiyaye hanya.