Fitilar da na rufe ma ido a hanyar Damagaram

Yau labarin wautata zan ba ku, ko Allah ya sa wani ya tsira da kuɗinshi.

Shekara uku ke nan da na sayi wata Toyota Celica ƙirar 2002, irin mai ƙofa biyu ɗin nan da cikinta ke kusan shafar ƙasa. Ta Kwatano ta shigo, ta yi hannu biyu kafin ta iso gare ni a Maraɗi. Uwargida tun ranar farko ta ce motar samari ce, ba ta magidanci ba. Na yi kamar ban ji ba.

Da hunturu ya kama, wata safiya na tada ta sai ga ƴar fitila ruwan ɗorawa mai siffar inji ta zauna a tablo, ta ƙi mutuwa. Makaniken farko ko na'ura bai sa ba, ya ce kaptan hayaƙi ne ya mutu. Na biya jika 25 aka sa wani. Kwana uku fitila ta dawo. Na biyu ya cire kan batir ya mayar, ta mutu, na ba shi na goro. Kafin mako ta sake kunnuwa. Na uku ya yi dariya ya ce: "Alhaji, motocin Turai duk haka suke, iskarmu ce ba su so." Ya yanko baƙar leda mai gam, ta naɗe wayar wuta, ya manna a kai. Wallahi har godiya na yi mashi.

Wata biyu ina yawo haka. Mota ta fara shan mai fiye da da, in na tsaya a danja tana rawar ɗari, amma tunda ba na ganin fitila, raina kwance.

Ranar da asiri ya tonu muna hanyar Damagaram zuwa suna, ni da uwargida, bayan isha'i. Mun wuce Gazawa kaɗan mota ta fara fizga kamar jakin da ya ga rijiya. Cikin duhu sai na ga haske yana leƙowa ta gefen ledar, yana ƙyaftawa. Uwargida ta ce: "Maigida, mi ke nan kake ɓoyewa?" Ban da amsa. Muka lallaɓa a hankali har Tasawa, muka kwana gidan wani abokina.

Da safe aka kai ni wurin wani yaro da bai fi ɗana na fari ba. Ya ɗauko ƴar na'urar da suke ce ma baliz, ya soka ta a wani soket mai rami 16 ƙarƙashin sitiyari. Ya ce motocin Amurka tun daga 1996 suna da shi, na Turai masu shan esansi tun 2001. Lamba biyu suka fito: P0171 da P0300. Na ce to wane kapta za mu saya? Ya ce: "Baba, lamba ba ta faɗin abin da ya lalace, abin da inji ke ji take faɗi. Ta farko ta ce iska ta yi yawa, mai ya yi kaɗan. Ta biyu ta ce wuta ba ta kamawa daidai cikin silinda. Yanzu mu za mu nemo dalili."

Bai fi minti ashirin ba ya gano. Tiyon roba da ke kai iska cikin inji ya tsage ta ƙasa, zafi ya cinye shi. Iska na kutsawa ta nan ba tare da kaptan da ke auna ta ya sani ba. Shi kuma kaptan, ƙurar hunturu ta lulluɓe shi don matatar iska ta daɗe da mutuwa. Ya canza tiyo da matata da buji, ya wanke kaptan da maganin feshinshi. Duka bai kai abin da na biya makaniken farko ba. Ashe kaptan da aka cire mini lafiyarshi lau, gaskiya yake faɗi aka kore shi daga aiki.

Sai dai ban fita salin alin ba. Man da bai ƙone ba yana gangarawa cikin tukunyar tace hayaƙi ya ƙone can, kuma tafiyar daren nan ta taɓa ta. Har yau ina tara kuɗinta.

Ga abin da yaron nan ya koya mini, na ga ya kamata in isar. Fitila ruwan ɗorawa in ta tsaya cak, kana iya isa gida, amma ka kai a duba cikin kwanakin. In tana ƙyaftawa, sassauta ƙafa ka nemi wurin tsayawa. Ja kuwa, musamman mai siffar buta ta baƙin mai ko ta zafin ruwa, babu shawara: gangara gefe ka kashe inji nan take. Ko kana zargin kaptan mai ne ke ƙarya, a auna ƙarfin man da agogon gwaji tukuna, don inji ba ya jure minti kaɗan babu mai. Goge lamba ba gyara ba ne. Kuma in za ka sayi mota, murɗa makulli ba tare da ka tada ta ba: fitilun tablo su kunnu duka. In ta inji ba ta fito ba, wataƙila wani ya riga ka sanin dabarar leda.

Ledar nan tana nan manne a bangon ɗakina. Uwargida ce ta hana a jefar, ta ce ranar da na ƙi jin magana za ta nuna mini ita.

Allah ya tsare mu a hanyoyinmu, ya kai kowa gida lafiya.