Gara da tsuntsayen Safo

Safo tana kudu da Maraɗi, a gundumar Madarunfa, ba nisa da Gulbin Maraɗi. Mun isa can bayan ruwan farko, ƙasa da sauran danshi, shamuwa sun riga sun cika itatuwan gari da sheƙa. Da yamma shinge ya fito daga ƙasa kamar hayaƙi. Kafin mu ankara tsattsewa da shirwa sun rufe sama, kaji da zabi kuma suna ta rububi a ƙasa. Yara ma ba a bar su baya ba, kowa da kwanonsa.

'Yan'uwa mata, mun san abin da gara ta yi mana. Ta ci danni, ta ci tabarma, ta hau rumbu. To amma shingen nan 'ya'yanta ne masu fiffike, kuma fitowarsu ta dace da lokacin da tsuntsaye da yawa ke ƙwai da reno. Cilakowa kuwa ko da rani tana tsintar gara a ƙasa. Su tsuntsayen nan ne idan shuka ta fito suke rage mana fara da tsutsa.

A gona aikinta ya fi haka. Tana jan kara da busasshen kashin shanu cikin ƙasa, tana barin 'yan ramuka, ruwan sama ya bi ya nutse maimakon ya gudu. Dabarar tassa, da manoman Tahoua suka farfaɗo da faƙo da ita, da taimakon gara take tafiya: a haƙa rami, a zuba taki, ita ta zo ta huda ƙasar. Ku lura kuma da yadda tsamiya ke son gindin suri. Tun da sassaben zamani ya kama a jihar Maraɗi daga shekarun 1980, itatuwa suka dawo gonaki, ganye da ƙirare suka yawaita a ƙasa, tsuntsu ya sami wurin sauka. Shi ya sa ƙone kara bayan girbi da ɗura wa suri guba, a ganinmu, asara ce.

Ga masu kiwon zabi da kuɗin asusu, akwai abinci kyauta a nan. A sami tsohuwar tukunya, a cusa busasshen kashin shanu da guntayen karan dawa, a yayyafa ruwa, a kife ta kan hanyar gara. Da sassafe, kafin rana ta yi zafi, a ɗauke a kakkaɓe wa tsaki. A dai cire masu manyan kai ɗin nan da ke cizo idan tsakin ƙanana ne. Kuma tukunyar ta yi nesa da gida. Rumbu ya zauna kan duwatsu, a riƙa duba ƙafafunsa ana zuba toka.