Da ku nake, masu yi wa hoton nan kirari

Tun daren jiya nake danne zuciyata kada in yi wannan rubutu, amma da na idar da sallar asuba na duba waya na ga har yanzu ana ta yaɗa hoton, sai na ga shiru ba zai yi ba. Kun dai gan shi: ƙanenmu tsaye a ƙololuwar Croix de Belledonne, daga shi sai singileti da gajeren wando, ya ɗaga hannuwa sama. A ƙasa an jera masa kirari, wannan ya ce namijin duniya, wancan ya ce jinin Damagaram ba ya jin sanyi. Ba zan faɗi sunansa ba. Yaro ne mai ladabi, kuma ni da shi mun riga mun yi tamu. Da ku nake. Ni na ɗauki hoton nan da hannuna, kuma na san abin da ya biyo baya, wanda babu shi a cikin hoton.

Masu bibiyata sun san shekara bakwai ke nan ina Grenoble ta Faransa, sun kuma san yadda gudun tsauni ya zame mini magani tun bayan rasuwar Baba. Ranar Asabar da za mu fita, na ce wa yaron ya sa rigar ruwa da rigar sanyi a jaka. Ya ce, "Haba Yaya, dubi rana fa, kayan nan nauyi ne kawai." Na ƙyale shi, kuma wannan laifina ne, ba na musu. Mun hau lafiya, ƙafarsa ta fi tawa sauri. Mun juyo ke nan, ko minti arba'in ba mu yi ba, hadari ya taso ta bayan dutse, iska ta juya, ruwa ya sauko haɗe da ƙanƙara. Singiletin da ya jiƙe da gumi ya manne masa. Ya fara makyarkyata, sai tuntuɓe a inda babu abin tuntuɓe, na tambaye shi wani abu ya ba ni amsar da ba ta da kai, harshensa ya yi nauyi. Na tuɓe rigata na sa masa, na naɗe shi da bargon leda mai ƙyalli da ba ya barin jakata, na dinga tura masa dabino a baki, na riƙe shi muna saukowa taku ɗaya ɗaya har masaukin La Pra, inda muka samu shayi mai zafi. Wannan shi ne jarumin naku. A hanya addu'a kawai nake, ina tunanin da wane baki zan kira mahaifiyarsa.

Ni ba malamin yanayi ba ne, amma ga ɗan abin da tsauni ya koya mini. Duk mita 1,000 da ka hau, zafi na raguwa da kusan digiri shida da rabi. Grenoble tana kan mita 200 da 'yan kai, Croix de Belledonne kuwa mita 2,926. Ke nan idan ka bar gari ana digiri 30, can sama wajen 12 za ka tarar, kafin a sa lissafin iska da jiƙewa. Sanyin da muka sani a gida, na hunturu, busasshe ne, ka ja mayafi ka matsa kusa da wuta shi ke nan. Na tsauni jiƙaƙƙe ne, kuma yana samun ka ne lokacin da gudu ya riga ya cinye ƙarfinka. Da zafin jikin mutum ya sauka ƙasa da digiri 35, an shiga haɗari. Mugun abin shi ne hankali yake taɓawa, sai mutum ya ce maka lafiyarsa lau alhali yana tafiya. Idan makyarkyatar ta tsaya kuma bai ji ɗumi ba, abin ya ƙara ɓaci ne, ba sauƙi ya samu ba. A nan lambar agaji 112 ce, ku riƙe ta, amma jirgin ceto ba kullum yake iya tashi cikin hadari ba.

Na san wani zai ce yaro ne mai ƙarfi, shi ya sa ya sha. To ku tuna abin da ya faru a lardin Gansu na ƙasar Sin ranar 22 ga Mayun 2021. Mutum 172 suka shiga tseren kilomita 100 a kan duwatsu, yawancinsu da ƙananan kaya irin na hoton nan. Iska da ruwa da ƙanƙara suka rufe su da rana tsaka, 21 suka rasu. Cikinsu har da Liang Jing, ɗaya daga gwanayen dogon gudu na ƙasar baki ɗaya, kuma na gaba-gaba a tseren suna cikin waɗanda abin ya fi ci. Wani makiyayi ne ya kwashe mutum shida ya kai su kogon da yake fakewa ya hura musu wuta. Ƙarfi ba riga ba ne.

Ku dubi kuma babban tseren nan na UTMB da ake yi a Chamonix ƙarshen watan Agusta tun 2003. Ana zagaye Mont Blanc ta Faransa da Italiya da Suwizalan, kimanin kilomita 170, hawan da ke ciki in an tara ya kai mita 10,000. Ba a barin kowa ya tashi sai da rigar ruwa, da kayan ɗumi, da fitilun goshi biyu, da usur, da bargon ledan nan, da waya, da ruwan sha, kuma ana iya tsayar da kai a hanya a buɗe jakarka. Kilian Jornet ya ci tseren sau huɗu, shi ma da jakarsa a baya yake gudu. In wanda ya tashi a cikin duwatsu tun yana jariri bai raina su ba, mu 'ya'yan rairayi da wane dalili?

Sai masu cewa ai komai ajali ne. Wallahi na yarda, babu mai wuce ranarsa. Amma tun muna makarantar allo aka koya mana a ɗaure raƙumi tukuna sannan a yi tawakkali, kuma rai amana ne a hannunmu. Wanda zai ratsa hamadar Tenere bai taɓa barin salkar ruwa a gida ya ce ajali ba. Me ya sa sai a kan tsauni ne shiri yake zama tsoro?

Akwai kuma masu cewa wa ya aike ku, gudun wahalar Turawa. Wannan na sha amsa shi a baya, ba zan sake ba, kuma ba zan daina hawa ba. Ban ce kada yaranmu su hau ba, ni nake kai su, ina kuma jin daɗi in ga baƙar fata a kan waɗannan hanyoyi. Abin da ke ci mini rai shi ne yabon. Bara da na sa hoton ranar da na juyo daga rabin hanya saboda na ji tsawa, mutum nawa suka ce Malam tsufa ya zo? Yaran suna karantawa. Suna ganin wanda ya juyo an yi masa dariya, wanda ya hau tsirara an yi masa kirari, kuma kirarin suke bi. Ku da kuke rubuta namijin duniya daga kan katifa, ba ku ne za ku riƙe shi a kan dutse yana karkarwa ba.

Shekaranjiya yaron ya kira ni, muryarsa ƙasa-ƙasa, ya ce, "Yaya, wace irin riga zan saya?" Mun je tare ya saya. Asabar mai zuwa in Allah ya kai mu Chamechaude za mu, mita 2,082, daga Col de Porte, ƙarfe shida na safe, don mu sauko kafin hadarin yamma. Duk mai zuwa ya zo da rigar ruwa da ta sanyi da bargon leda da abin taɓawa, kada ya sa rigar auduga. Zan buɗe jakar kowa a wurin ajiye motoci, wanda tasa ba ta cika ba zai jira mu a ƙasa.