Dora mai rubuta wasiƙa: waiwaye a kan finafinan Fernanda Montenegro

Kaɗan ne daga cikin mutanen zangonmu suka taɓa jin sunan Fernanda Montenegro, domin abin da muka sani game da Birazil bai wuce ƙwallo ba. A ƙasarsu kuwa ita ce uwa ga duk mai sana'ar wasan kwaikwayo. An haife ta a birnin Rio de Janeiro a shekarar 1929, sunanta na yanka Arlette. Ta fara da gidan rediyo tana budurwa, ta shafe shekaru masu yawa a dandali da talabijin. Finafinanta na sinima ba su kai yawan waɗannan ba, amma su ne suka ƙetare teku har suka iske irina.

A 1981 ta fito a Eles Não Usam Black-Tie na Leon Hirszman a matsayin Romana, matar wani ma'aikacin masana'anta. Mijinta na cikin jagororin yajin aiki, ɗansu kuma ya saɓa wa uban ya shiga aiki, har zaman gidan ya gagare shi. A ƙarshen fim ɗin mata da miji suna zaune a teburi suna tsince wake, ba wanda ya ce uffan, sai ƙarar ƙwayoyin da ke faɗawa cikin kwano. Duk wanda ya taɓa ganin mahaifiyarsa tana tsintar wake ranar da aka yi rashi a gida ya san abin da hannuwan nan ke faɗa.

Fim ɗin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne Central do Brasil na Walter Salles, wanda ya fito a 1998, lokacin tana da shekara 68. Ɗan ƙanena ne ya nuna mini shi a kwamfuta, da fassarar Turanci a ƙasa, ya ce: "Baba, ga abokiyar sana'arka." Ta fito a matsayin Dora, tsohuwar malamar makaranta da ta kafa ɗan teburi a babbar tashar jirgin ƙasa ta Rio, tana rubuta wasiƙa ga waɗanda ba su iya karatu ba. Mu da muka ga masu keken rubutu a bakin gidan waya da ƙofar kotu a Kumasi, wannan teburi ba baƙo ba ne a wurinmu. Ni ma, ban da takardun fadar mai gida, na daɗe ina rubuta wa tsofaffin unguwa saƙo zuwa ga 'ya'yansu da ke nesa, kafin wayar hannu ta rage mini aikin.

Dora macuciya ce. Tana karɓar kuɗin rubutu da na kan sarki, ta koma gida ta buɗe wasiƙun ita da maƙwabciyarta, su karanta suna dariya. Wasu ta yayyaga, wasu ta tura cikin aljihun tebur. Da na ga haka sai jikina ya yi sanyi. Wanda ya zauna a gabanka ya ce rubuta, ya miƙa maka abin da ko aboki ba ya gaya wa: bashin da ake bin sa, matar da ta yi yaji, ɗan da ya daina aike. Ba shi da hanyar sanin ko abin da ya faɗa shi ne a takarda. Malamanmu sun karantar da mu cewa marubuci ya rubuta da adalci, kuma na ga dalilin wannan gargaɗi da idona.

Gwanintar Montenegro ita ce ba ta nemi mu so Dora ba. Fuska a murtuke, ba kwalliya, ido a bayan tabarau yana auna talakan da ke gabanta. Wata mata mai suna Ana ta zo da ɗanta Josué a rubuta wa uban yaron, ta fita daga tashar mota ta take ta. Dora ta miƙa marayan ga wasu mutane, ta karɓi kuɗi ta sayi talabijin. Sai da maƙwabciyar ta tsoratar da ita game da abin da ake yi da irin waɗannan yara ta koma ta sato shi, suka kama hanyar arewa maso gabashin ƙasar neman uban. Ko a hanyar ma ta yi yunƙurin yasar da shi. Sauyin nata a hankali yake zuwa, har mai kallo ba zai iya nuna wurin da ya fara ba.

Akwai wuri guda da har yau nake juya shi a raina. Sun iske yayyen yaron guda biyu, uban ba ya nan, amma ya aiko da wasiƙa wadda ke ajiye domin babu mai iya karantawa. Dora ta karanta musu. Da ta zo ƙarshe sai ta ɗan dakata, ta dubi yaron, ta ce uban ya ambace shi. A fahimtata wannan layi ba ya cikin takardar. Matar da ta saba danne maganar mutane yau ta ƙara a kan maganar wani domin kada maraya ya tashi hannu wofi. A ƙa'idar aikinmu wannan ma ƙetare iyaka ne, kuma ba zan koya wa yaron da ke taya ni aiki haka ba. Sai dai na sha karanta wasiƙa a gaban tsohuwa tana jiran ta ji an gaishe ta, gaisuwar kuwa babu, na san nauyin wannan ɗan dakatawa. Montenegro ta yi shi daidai, ba ta tsawaita ba.

Fim ɗin ya ci babbar kyautar bikin finafinai na Balin a 1998, ita ma ta karɓi ta gwarzuwar 'yar wasa. A 1999 ta shiga takarar Oscar, kyautar ta tafi ga Gwyneth Paltrow, abin da mutanen Birazil ba su huce a kansa ba har yanzu. A 2021 aka zaɓe ta cikin majalisar adabi ta ƙasar.

A 2024 Salles ya sake kiran ta a Ainda Estou Aqui, labarin Eunice Paiva, wadda jami'an mulkin soja suka ɗauke mijinta Rubens a 1971, ba ta sami takardar shaidar mutuwarsa ba sai 1996. 'Yar Montenegro ta cikinta, Fernanda Torres, ita ta ɗauki nauyin fim ɗin, wanda ya ci Oscar a 2025. Uwar ta fito ne a mintunan ƙarshe kawai, a matsayin Eunice bayan ciwon mantuwa ya cinye ta. Tana kan keken marasa lafiya, jikoki na kai da kawo, ba ta furta ko kalma ɗaya ba. Sai aka nuna hoton mijin a labaran talabijin, idanunta suka tsaya a kansa, leɓɓanta suka ɗan motsa.